Abin da malami ke gani daga gaban allo, da abin da ke ɓace masa

Duk wanda ya zauna da malaman sakandare a Kano ko Katsina ko Zariya ya tambaye su abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya, zai ɗauka albashi za su sa a gaba. Suna ambatarsa kuwa, amma hirar ba ta yin nisa take karkata kan yara. "Yaran yanzu ba su da tarbiyya." "Ba sa jin magana." "Ka taɓa yaro yau, gobe ubansa ya zo maka da ɗan sanda." Kusan maganar ɗaya ce a makarantar gwamnati da ta kuɗi, a birni da ƙauye, a bakin malamin da ya kusa ritaya da wanda bai daɗe da karɓar takardar kama aiki ba. Ni na gaskata su. Mutumin da ke tsayuwa kullum gaban samari ko 'yan mata tamanin ko ɗari ya fi kowa sanin abin da ke cikin aji. Sai dai shaidarsa shaida ce ta wanda ke tsaye a wuri ɗaya, wato gaban allo, kuma daga nan akwai abin da ake gani ƙarara, akwai wanda ba a hangowa ko kaɗan.

Idan ka ce malami ya lissafa maka laifuffukan ɗalibai, ba zai yi wahala ba: makara, surutu, dojin darasi, tsallake katanga, ƙin yin aikin gida, shigowa da waya, askin banza, faɗa, sata, satar amsa, shaye-shaye. Amma ka matsa masa ya faɗi wanda ya fi ɓata masa rai, sai ya ce raini. Ga yara biyu sun makara, an tare su a bakin ƙofa. Na farko an ce ya durƙusa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, a yi haƙuri." Ya sha bulala biyu ko ya tsince ledojin fili, magana ta ƙare, gobe ma ya sake makara. Na biyu yau ne farkon makararsa, amma da aka yi masa magana sai ya ɗago ya kalli malam ido cikin ido, ya ja tsaki ƙasa-ƙasa, ya tafi yana jan ƙafa. Wannan shi za a kai ofishin shugaban makaranta, shi za a aika a kira mahaifinsa, kuma sunansa ne zai zauna a bakin malamai har ƙarshen zango.

Ba son zuciya ne kawai ya kawo haka ba. A tarbiyyarmu yaro ba ya haɗa ido da babba, ba ya mayar da magana, kuma malami a gurbin uba yake. Bayan haka, jarin malami a cikin aji kwarjini ne. Ba shi da wani abu da zai riƙe mutum casa'in da shi na minti arba'in in ba shi ba. Idan yaro ɗaya ya ja masa tsaki a gaban sauran ya kwana lafiya, malam ya san abin da zai tarar a ajin nan mako mai zuwa. Saboda haka ma'aunin da yake auna laifi da shi, ko ya sani ko bai sani ba, shi ne: nawa wannan abu ya taɓa ikona da aikina? Illar da abin zai yi wa yaron kansa tana zuwa daga baya.

An daɗe da gano wannan a wasu ƙasashen. A shekarar 1928 wani mai bincike a Amurka, E. K. Wickman, ya ba malaman makaranta jerin halayen yara ya ce su jera su daga mafi muni zuwa mafi sauƙi, sannan ya ba masana lafiyar tunanin yara wannan jeri. Malamai suka sa sata da ƙarya da rashin biyayya da tsaurin ido da abin da ya shafi batsa a sama, suka bar yawan kunya da tsoro da keɓewa daga mutane a can ƙasa. Masanan kuma suka kusan kifar da jerin: su yaron da ya janye jikinsa, ba ya wasa da kowa, kullum cikin damuwa, shi ya fi tayar musu da hankali. An soki yadda Wickman ya tsara tambayoyinsa, domin ba umarni iri ɗaya ya ba ɓangarorin biyu ba, amma abin da ya nuna duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san shi. A ajinmu, yarinyar da ke zaune a lungu ba ta cewa uffan ita ake yabo da natsuwa. Babu mai tambayar dalilin da ya sa ta daina ɗaga hannu tun zangon da ya wuce, ko me ya sa take kwantar da kai a kan tebur da hantsi. Wata yunwa ce, wata talla ta yi har dare, wata akwai wanda ke damunta a hanya ko a gida, wata an riga an karɓi kuɗin aurenta. Ranar da ta daina zuwa gaba ɗaya, sai a ja layi a kan sunanta a rajista. Ba ta taɓa shiga lissafin masu matsala ba, domin ba ta taɓa hana malam koyarwa ba.

Wani abin kuma da ya kamata a lura da shi: manyan laifuffuka su ke shiga jarida, amma ƙananan su ke cinye malami. A Ingila, bayan an hana duka a makarantun gwamnati a 1987, an yi ta kukan cewa tarbiyya ta rushe, sai aka kafa kwamiti ƙarƙashin Lord Elton, wanda ya fitar da rahotonsa a 1989. Da aka tambayi dubban malamai, sai aka tarar kai wa malami hari abu ne da ba a cika samu ba. Abin da ke gajiyar da su kullum shi ne magana ba izini, hana na kusa aiki, ƙin taɓuka komai da gangan, hayaniya marar dalili. Haka abin yake a nan. Malamin lissafi a makarantar jeka-ka-dawo ba kullum yake ganin wuƙa ba, amma kullum sai ya ce "ku yi shiru" sau ashirin kafin ya gama misali ɗaya. Zuwa azahar muryarsa ta dishe. A wannan hali ne yaro na ashirin da ɗaya zai yi dariya, a sauke masa fushin ashirin da suka gabace shi, sannan a rubuta cewa shi ne marar kunya.

Yawan yaran ma kansa abin dubawa ne. Manufar ilimi ta ƙasa ta tsara malami ɗaya ga ɗalibi 40 a sakandare. A manyan makarantun gwamnati na cikin biranen Arewa, samun ninki biyu na wannan a aji ɗaya ba abin mamaki ba ne. Tun daga shirin ilimin firamare na kowa da kowa (UPE) na 1976, zuwa shirin ilimin matakin farko na bai-ɗaya (UBE) da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999 aka yi masa doka a 2004, zuwa ilimi kyauta kuma dole da Kano ta ayyana a 2019, kullum ƙofar shiga ake faɗaɗawa, kuma hakan alheri ne. Amma azuzuwa da kujeru da malamai ba su bi sawu ba, har ta kai gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Ka shiga irin wannan aji da ƙarfe sha biyu a watan Afrilu. Rufin kwano ne babu silin, tagogi babu marfi. Layi uku na gaba suna kan benci, mutum biyar a kan na mutum uku, sauran suna ƙasa, wasu sun jingina da bango. Babu hanyar da malam zai bi ya isa baya. Muryarsa tana mutuwa a tsakiyar aji. Na baya ba sa ganin allo, domin allon ya koɗe, rana kuma ta haske shi.

Yanzu ka duba yaron da ke can ƙurya. Shekararsa goma sha shida, yana aji uku na ƙaramar sakandare, kuma idan ka miƙa masa littafin Turanci na aji uku na firamare ba zai iya karanta sakin layi ɗaya ba. An yi ta ciyar da shi gaba ne shekara bayan shekara, domin babu gurbin da zai maimaita aji a ciki. Darasin da ake yi da Turanci ake yin sa, ana bayanin yadda tsiro ke haɗa abincinsa da hasken rana, shi kuwa ko kalma ɗaya ba ta shigarsa. Haka zai zauna awa biyar ko shida kullum. Babban mutum ma a ajiye shi a taron da ba ya jin yaren da ake yi, a hana shi motsi, a ga ko zai kai la'asar. Yaron nan zaɓi biyu gare shi a gaban tsaransa: ko a san shi da daƙiƙanci, ko a san shi da tsaurin ido. Kusan kowane saurayi na biyun zai ɗauka, domin da shi ake samun suna. Shi malam abin da ya gani shi ne mai ba'a a baya, mai jifa da takarda, mai fita ba izini. Rashin iya karatun ba ya ganuwa daga gaban allo, sai ranar da aka zauna makin jarrabawa, a lokacin kuwa an riga an yanke hukunci cewa wasa ne ya hana shi karatu. Sau da yawa rashin karatun ne ya haifi wasan.

Idan aka zo kan dalili, malamai kusan bakinsu ɗaya: daga gida ne. Iyaye sun saki tarbiyya, an haifi yara an watsar, uba ya fita tun asuba sai dare, uwa ta goyi bayan ɗanta ko ya yi kisan kai, ga waya, ga TikTok, ga abokan banza. Akwai gaskiya mai yawa a nan, kuma bai kamata a yi wa malamai gardama a kan abin da suke gani da idonsu ba. A da, idan uba ya kai ɗansa makaranta cewa yake, "Malam, ga amana." Idan yaro ya koma gida da shatin bulala, ɓoyewa yake yi, domin in an gani za a ƙara masa. Ɗa na kowa ne a lokacin, maƙwabci ma yana iya tsawatarwa. Ikon malami aro ne daga wannan yarjejeniya tsakaninsa da iyaye da unguwa. Yau ta yi rauni. A makarantun kuɗi abin ya fi muni, domin uba kwastoma ne, mai makaranta kuma ya san ya fi sauƙi ya sami wani malamin a kan ya sami wani mai biyan kuɗin zango. Malamin da ya ga an sa abokin aikinsa ya ba yaro haƙuri a gaban uwarsa ya koyi darasi: ya shiga, ya rubuta, ya fita, kowa tasa ta fisshe shi.

Akwai kuma wata yarjejeniyar da ta karye wadda ba a cika faɗa ba. Wanda ya shiga Barewa ko Rumfa ko Kwalejin Keffi a shekarun 1950 da 1960 zaɓaɓɓe ne daga cikin dubbai, kuma ya san aiki na jiransa a En'e ko a gwamnatin Jihar Arewa. Kora daga makaranta asara ce ta rayuwa, don haka barazanar kora tana aiki. Malaminsa kuwa mutum ne da gari ke girmamawa. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano duk daga aikin koyarwa suka fito. Yaron yau yana ganin yayansa da digiri yana zaune a gida, yana ganin tsaransa da ya bar makaranta ya kama sayar da waya a Farm Center ya sayi babur, yana kuma ganin malaminsa yana kabu-kabu da yamma ko yana cin bashin garin masara a shagon unguwa, musamman tun da aka cire tallafin mai a 2023. Idan malam ya ce masa, "Ka yi karatu don ka zama wani abu," yaron yana da ido. Wannan bai halatta masa raini ba, amma ya bayyana dalilin da ya sa wa'azin taron safe ba ya ratsa shi yadda ya ratsa kakansa.

Inda nake rabuwa da malamai shi ne wurin tsayar da bayanin a bakin ƙofar makaranta. Cewa daga gida ne yana da daɗin faɗa, domin yana sauke wa mai faɗar nauyi. Laifi tudu ne. A 1979 Michael Rutter, wani likitan ƙwaƙwalwar yara na Birtaniya, da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon bin diddigin ɗalibai a sakandare 12 na tsakiyar birnin Landan, unguwannin talakawa. Ko bayan an yi la'akari da irin yaran da kowace makaranta ta ɗauka, sai aka ga bambanci babba a halayensu da zuwansu makaranta. Inda malamai ke fara darasi a kan lokaci, suna zuwa a shirye, suna yaba wa yaro idan ya yi daidai, ana ɗora wa ɗalibai ƙananan nauye-nauye, ginin kuma ana kula da shi, nan hali ya fi kyau. Yawan hukunci bai nuna yana gyara komai ba. Mu ma muna ganin haka ba tare da wani bincike ba. A makaranta ɗaya, aji ɗaya, yara iri ɗaya daga gidaje iri ɗaya: malamar Hausa ta shiga ka ji tsit, malamin da ke bin ta ya shiga ka ɗauka kasuwa ce. Gidajen yaran ba su canza ba tsakanin ƙarfe tara da ƙarfe goma. Kuma malamin da ke tare 'yan makara da dorina alhali rabin ofishin malamai ba su iso ba, ko wanda ke ba monita littafi ya kwafa wa 'yan aji a allo shi yana ƙarƙashin bishiya yana hira, yaran suna kallonsa suna koyo.

Satar amsa ita ta fi fito da wannan fili. Malamai na lissafa ta cikin lalacewar ɗalibai, kuma akwai dokar tarayya ta 1999 da ta tanadi hukunci a kanta. Amma wa ke karɓar kuɗin "taimako" kafin WAEC da NECO? Wa ke rubuta amsa a allo, wa ke tsayawa gadi a ƙofa ko mai sa ido zai ɓullo? Yaron da ya shekara shida ana dukansa a kan ƙarya, a makon ƙarshe ya ga manyan da ke dukansa sun shirya masa ƙaryar da hannunsu, ya fita da fahimtar cewa doka ta marar ƙarfi ce.

Kukan lalacewar yara ma ba yau aka fara shi ba. A ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo har sojoji ta tura makarantun sakandare don su dawo da ɗa'a, a 1984 kuma gwamnatin Janar Buhari ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a ƙasa baki ɗaya. Ɗaliban wancan lokaci su ne dattawan da yau ke cewa a zamaninsu babu irin wannan.

Daga wannan fahimta ta cewa matsalar taurin kai ce aka taho da shi daga gida, maganin da ke biyo baya ɗaya ne: bulala. Da yawa daga malamai sun yi imani cewa duk abin nan ya faru ne domin an ɗaure musu hannu. Amma a mafi yawan makarantun Arewa hannun ba a ɗaure yake ba. Sashe na 55 na dokar hukunta laifuffuka ta Arewa, wato Final Kod (Penal Code), wadda ta fara aiki a 1960, ya ba malamin makaranta damar ladabtar da yaron da bai kai shekara 18 ba matuƙar bai yi masa mummunan rauni ba. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta daɗe kafin jihohin Arewa su karɓe ta da gyare-gyarensu, Kaduna a 2018, Kano a 2023. Jihohi kamar Legas da Nasarawa sun sanar da hana duka a makarantunsu, amma a yawancin wurare ana bulala, ana tsallen kwaɗo, ana kamun kunne, ana durƙuso a rana. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna yara shida cikin goma a Najeriya na fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai 18. Idan duka ne maganin, to mu ba mu taɓa rasa maganin ba, ga kuma ciwon yana nan.

Abin da bulala ke yi, kuma shi ya sa malami ke son ta, shi ne tana kawo shiru nan take. Abin da take bari a baya ba ya ganuwa a ranar. Ibn Khaldun, shahararren malamin tarihi wanda ya rasu a 1406, ya keɓe fasali guda a Muƙaddimarsa a kan cewa tsanantawa ga masu koyo na cutar da su: tana kashe musu karsashi, ta koya musu kasala da ƙarya da wayo, su riƙa nuna abin da ba shi ne a zuciyarsu ba don tsoron hannun da ke kansu. Tun kafin shi, Muhammad ɗan Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan da ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya rubuta ladubban malamai. Bai haramta duka ba, amma ya yi masa shinge: kada ya wuce uku sai da dalili da izinin uba, kada ya haura goma, ban da fuska da kai, kuma kada malami ya yi shi don huce fushinsa. Wannan mazhabarmu ce, ba ra'ayin Turawa ba. A auna shi da abin da ya faru a Zariya a watan Oktoban 2023, inda ɗalibin wata makaranta mai zaman kanta ya rasu bayan an yi masa hukunci kan fashin makaranta, rahotanni suka ce bulalar ta haura ɗari, har gwamnatin Kaduna ta rufe makarantar. Waɗanda suka yi hakan na tabbata sun ɗauka tarbiyya suke yi. Abin tsoron ke nan.

Ɗan Sahnun ya faɗi wani abu kuma da ya kamata a rubuta a ƙofar kowace makarantar kwana: ya fi so kada malami ya wakilta wani yaro ya daki ɗan'uwansa. A makarantunmu na kwana akasin haka ake yi. Da an tashi daga aji, malamai sun koma gidajensu ko cikin gari, mulki ya koma hannun siniyoyi. Su ke tayar da yara, su ke raba abinci, su ke hukunci. Ɗan aji ɗaya zai wanke kayan siniya, ya ɗebo masa ruwa, ya miƙa masa garin kwakinsa da sukarinsa, in ya yi gardama a kai shi lungu da dare a yi masa gwale-gwale. Malamai da yawa ba sa lissafa wannan cikin rashin ɗa'a. Suna ganinsa al'adar makaranta, su ma an yi musu, kuma yana rage musu aiki. Siniyan da ya fi kowa mugunta a ɗakin kwana sau da yawa shi ne mafi ladabi a gaban malam, shi ke karɓar masa jaka. A watan Yulin 2025 ɗalibai biyu sun rasa rayukansu a wata makarantar kwana ta gwamnati a Bichi, a Jihar Kano, bayan irin wannan hukunci na ɗalibai 'yan'uwansu, 'yan sanda suka kama ɗalibai da dama. Babu yadda za a yi abu ya kai nan a dare ɗaya. An daɗe ana yin ƙananansa ba wanda ya kira su da sunan laifi.

Duk da haka zalunci ne a yi magana kamar kowane tsoron malami ƙage ne. Akwai makarantun da rikicin daba na unguwa ke biyo yara har cikin aji, akwai yaran da ke shigowa da ɗan bida a ƙugu. Shaye-shaye ya shiga sakandare. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 na amfani da ƙwaya a Najeriya, kuma a shekarar ne gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi. Malamin da ya kama yaro da tiramol, sannan ya tuna cewa ta unguwarsu zai bi da babur da yamma, idan ya kawar da kai ba za a ce masa matsoraci ba. Malama matashiya ko 'yar bautar ƙasa da aka tura ajin ƙarshe na makarantar maza, inda wasu ɗaliban sun kusa tsaranta, tana fama da wani irin raini da namiji ba zai gane shi ba. Ga kuma yaran da suka yi watanni a gida lokacin korona a 2020, da waɗanda aka rufe makarantunsu bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a watan Disambar 2020 da Jangebe a 2021. Wasunsu sun dawo da abin da suka gani a zuciyarsu, aka zuba su a aji aka ce malam ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Waɗannan ba aikin malamin aji ba ne shi kaɗai, kuma an bar shi da su shi kaɗai. A kwalejin ilimi an koya masa tsara darasi da sunayen masana halayyar yara, ya yi 'yan watanni yana gwajin koyarwa, amma ba wanda ya tsaya da shi ya nuna masa yadda ake riƙe mutum ɗari ba tare da sanda ba, ko yadda ake gane yaron da ya sha wani abu, ko wanda ake zalunta. Tun 1977 manufar ilimi ta tanadi malaman ba da shawara a sakandare. A makarantu da yawa muƙamin suna ne a jikin ƙofa, an ba wani malami mai cikakken jadawalin darasi, babu ɗaki, babu lokaci. Don haka idan aka zo daga ma'aikata aka ce a daina duka, aka tafi ba a ba shi komai a madadin ba, malam yana jin an ƙwace masa abu ɗaya tilo da ya sani. Hana duka da takarda kawai ba ya haifar da komai sai ɗayan biyu: a ci gaba a ɓoye, ko a zuba wa yara ido.

Akwai abin da ya yi aiki a ƙasa irin tamu. A gundumar Luwero ta Yuganda an gwada wani tsari a makarantun firamare 42, inda malamai da ɗalibai da iyaye suka zauna suka tsara dokokin makaranta tare, aka horar da malamai kan hanyoyin ladabtarwa ban da duka, aka kafa kwamitocin ɗalibai. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna dukan da ma'aikata ke yi wa yara ya ragu da kusan kashi 42 cikin ɗari. Firamare ce, ba sakandare ba, amma azuzuwan cike suke kamar namu, kuɗin da aka kashe kuma ba mai yawa ba ne.

Shugaban makarantar da ke son ya fara bai buƙatar jiran kwamishina. Zai iya raba laifuffuka gida-gida a rubuce, kowanne da hukuncinsa, a karanta wa iyaye a taron ƙungiyar iyaye da malamai su sa hannu, yadda ranar da aka hukunta yaro babu uban da zai ce bai sani ba, babu kuma malamin da zai ƙara daga fushinsa. Zai iya karɓe bulala daga hannun siniyoyi, ya tabbatar akwai babba da ke kwana kusa da ɗakunan yara yana zagayawa. Zai iya sa kowane malamin aji ya kawo masa, duk ƙarshen wata, sunan yara uku da suka fi kowa shiru tare da sunan ukun da suka fi kowa surutu. A makon farko na aji ɗaya kuma, kafin a buɗe littafin kimiyya ko na lissafi, a kira kowane sabon ɗalibi shi kaɗai a ba shi sakin layi ɗaya na Hausa da ɗaya na Turanci ya karanta. Waɗanda suka kasa a ware musu awa ɗaya kullum na zango guda a koya musu karatu daga baƙi da wasali, tun suna shekara sha biyu, kafin su girma su koma layin baya.